Binciken Tsirran Magani da Kwamfuta: Abin da Za Ka Yi da Wanda Ba Za Ka Yi Ba

Ɗana, da kai nake, kai da ka zaɓi binciken tsirran magani da kwamfuta don kundin digirinka. 'Yata, ke ma maganar ta shafe ki, ba ragi.

Hanyar da ka ɗauka sabuwa ce. Andrew Hopkins, masanin magunguna ɗan Birtaniya, shi ya raɗa mata suna a 2007, masana a ƙasar Sin irin su Shao Li na Jami'ar Tsinghua suka yi ta aiki da ita a kan magungunan gargajiyarsu. Tsarin ka san shi. Ka tara sunayen sinadaran tsiro, ka sa SwissTargetPrediction ya yi hasashen furotin ɗin da za su taɓa a jikin mutum, ka ɗauko jerin ƙwayoyin gado masu alaƙa da cuta daga GeneCards, ka ware inda jerin biyu suka haɗu, ka saƙa raga a STRING, ka zana ta a Cytoscape, ka rufe da gwajin ɗora sinadari a kan furotin a AutoDock Vina. Ba ka taɓa ganye ko ɗaya ba, amma ga ka da hotuna masu launi da jimlar da ke cewa zogale ko zoɓo ko sabara na da sinadaran antioksidan masu kare ƙwayoyin jiki daga ɓarnar oksijin.

Sauƙin nan shi ne haɗarin. Abin da kwamfuta ta ba ka zato ne. In ka rubuta shi a matsayin tabbas, ba a ɗakin karatu zai kwana ba. Mai tallan magani zai karanta shi a rediyo ya ce jami'a ta tabbatar. Mai ciwon suga ya ji, ya ajiye allurarsa, bayan watanni a kai shi wankin ƙoda ko a yanke masa ƙafa. Na ga irin wannan da idona. Ba mai zuwa ya tuhumi marubucin kundin, amma Allah ya san hannun da ya fara. Saboda haka ka karanta, ka kiyaye.

ABIN DA ZA KA YI

1. Ka kai tsiron a tantance shi tun farko. Ka ɗauki ganye da fure da 'ya'ya zuwa ma'ajiyar samfurin tsirrai, ta Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero ko ta cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan, ka karɓo lambar shaida. A Beljiyam, farkon shekarun 1990, an musanya Stephania tetrandra da Aristolochia fangchi a maganin rage ƙiba don sunayensu na Sinanci sun yi kama, mutane fiye da 100, galibi mata, suka kamu da ciwon ƙoda, wasu sankara ta biyo baya.

2. Ka nemi tsiro da tsohon sunansa da sabo. Bagaruwa ta tashi daga Acacia nilotica ta koma Vachellia nilotica, marke ya bar Anogeissus ya koma Terminalia. Wanda ya nema da suna ɗaya, ayyuka masu yawa za su wuce shi bai sani ba.

3. Ka rubuta ɓangaren da ka ɗiba, da wurin, da watan, da yadda ka shanya shi. Saiwar zogale da ganyensa ba sinadari ɗaya suka ɗauka ba, ganyen damina da na rani ba ƙarfinsu ɗaya ba.

4. Ka zauna da masu maganin gargajiya ka ji yadda suke haɗawa. Jiƙo ne, dafawa ce, ana sa jar kanwa, ko gari ne ake zubawa a kunu? Mutane da ruwa suke sha. In kai da metanol ka tatsa, abin da ka nazarta ba shi ke shiga cikinsu ba.

5. Ka auna sinadaran da ke cikin samfurinka, da yawan kowanne, da na'urar HPLC ko LC-MS. Jerin da ka kwafo daga zogalen Indiya bai zama shaida a kan zogalen Katsina ba.

6. Ka leƙa rumbunan bayanai na tsirran Afirka, irin su ANPDB, wanda Fidele Ntie-Kang na Jami'ar Buea a Kamaru ke cikin masu gina shi. Rumbun TCMSP kuwa an gina shi ne don magungunan Sin, kada ka sa ran samun sabara ko kalgo a ciki.

7. Ka bi sinadarin bayan an haɗiye shi. Kwarsetin ɗin ganyen zogale manne yake da sukari. Hanji ya cire sukarin, hanji da hanta su liƙa masa wasu sinadarai. Abin da ke yawo a jini ya riga ya sauya siffa daga wanda ka zana a allo.

8. Ka tambayi nawa ne ke isa jini. Antosayanin da ke ba zoɓo jan launinsa, abin da ke shiga jini da siffarsa ta asali bai kai kashi 2 cikin 100 ba a yawancin awon da aka yi. Sinadarin da bai isa wurin aiki ba, bai yi aiki ba.

9. Ka rarrabe hanyoyin kariya guda biyu. Wani sinadari da kansa yake kashe ɓarɓashin oksijin masu ɓarna. Wani kuma yana sakin Nrf2 daga riƙon Keap1 don jiki ya ƙara ƙera nasa makaman kariya, irin su gulutatayon. Raga tana iya nuna hanya ta biyu kaɗai, domin ta farko ba ta bi ta kan furotin.

10. Ka ɗaga ma'aunin amincin STRING zuwa 0.7 ko sama, ka cire alaƙar da aka tsinto daga haɗuwar sunaye a rubuce-rubuce. A kan 0.4, furotin biyu da aka yawaita ambata tare a takardu za su iya fito maka da layi a tsakaninsu.

11. Ka gwada ragarka da wani abu daban. Ka ɗauki sinadaran albasa ko na kabeji ka bi da su ta hanyar da ka bi da tsironka. In sakamakon ya fito iri ɗaya, ba ka gano komai a kan tsironka ba.

12. Ka tabbatar gwajin ɗorawarka yana aiki kafin ka yarda da shi. Ka cire sinadarin da ya zo tare da furotin daga Protein Data Bank, ka sa kwamfuta ta mayar da shi. In tazarar ta wuce angistirom 2, tsarin da ka shirya bai inganta ba, duk lambar da ya fitar bayan nan shara ce.

13. Ka gyara lissafin yiwuwa in ka gwada hanyoyin KEGG da yawa a lokaci guda. Ka yi amfani da gyaran Benjamini da Hochberg na 1995. Wanda ya gwada hanyoyi 300 ba gyara, sa'a kawai za ta ba shi wajen 15 masu kama da gaskiya.

14. Ka rubuta ranar da ka shiga kowane rumbu, da sigar kowace manhaja, ka adana fayilolinka a wuri fiye da ɗaya. Rumbunan nan suna sauyawa. Aikin da wani ba zai iya maimaitawa ba, kai ma ba za ka iya kare shi gaban masu jarrabawa ba.

15. Ka zaɓi zato ɗaya ko biyu ka kai ɗakin gwaje-gwaje. In ka ce tsironka na tada Nrf2, ka auna HO-1 da NQO1 a ƙwayoyin halitta, ka auna SOD da katalas da MDA a hantar dabba. Nan ne zato ke tsayawa ko ya faɗi.

16. Ka fara da gwajin guba, da izinin kwamitin ɗa'a. Hanyar Lorke ta 1983 da ka'idojin OECD na gajeren lokaci farkon aiki ne. Ka ci gaba zuwa kwana 28 ko 90 ka duba hanta da ƙoda. Mutanenmu wata da watanni suke shan jiƙo.

17. Ka bincika karon tsiron da maganin asibiti. A Sudan a 1994 an nuna cewa shan zoɓo ko tsamiya ko lemon tsami tare da kulorokwin yana rage adadin maganin da ke shiga jini ƙwarai. Mara lafiyarmu yakan haɗa na asibiti da na gida, kuma ba ya gaya wa likita.

18. Ka nemi izinin masu ilimin, ka ambace su, ka san haƙƙinsu. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta fara aiki a 2014, kuma a 2019 masana'antar shayin ruibos a Afirka ta Kudu ta amince ta riƙa biyan al'ummomin San da Khoi kashi 1.5 cikin 100 na farashin gona. Ilimin da ka karɓa a hannun tsoho amana ce.

19. Ka rubuta abin da bai yi aiki ba. In ka ɓoye shi, ɗalibi na gaba zai sayar da gonar ubansa ya maimaita gwajin da ka riga ka san ba ya fita.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka rubuta "an tabbatar" ko "yana warkarwa" a kan aikin kwamfuta. Iyakar abin da ka isa ka ce shi ne "ana hasashen". Kalma ɗaya da ka ƙara, ita mai talla zai ɗauka ya bar sauran.

2. Kada ka ɗauka duk antioksidan alheri ne. A Finland an gwada beta-karotin a binciken da ya haɗa maza masu shan taba 29,133, sakamakon 1994 ya nuna sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100. A Amurka an dakatar da binciken CARET a 1996 bayan sankarar huhu ta ƙaru da kashi 28. A 2011 binciken SELECT mai maza 35,533 ya nuna bitamin E ya ƙara sankarar furosteti da kashi 17. Duk waɗannan sinadarai sun yi kyau a kwalbar gwaji.

3. Kada ka mai da gwajin DPPH shaidar lafiyar mutum. Ruwan shunayya ya koma rawaya, na'ura ta karanta a nanomita 517, shi ke nan abin da ya faru. Ma'aikatar noma ta Amurka ta janye jadawalinta na ORAC a 2012 saboda lambobin ba su nuna abin da ke faruwa a jiki, kuma 'yan kasuwa suna talla da su.

4. Kada ka yi murna don kwarsetin da kemferol da beta-sitosterol sun fito a saman jerinka. Suna cikin ɗaruruwan tsirrai, kuma kusan kowace takarda irin taka su take fitarwa. Ka nemi abin da tsironka ya keɓanta da shi.

5. Kada ka yarda da sinadarin da ke manne wa kowane furotin. Baell da Holloway sun yi gargaɗi a kan irinsu a 2010, kuma bitar da aka yi wa kurkumin na kurkum a 2017 ba ta sami gwaji mai tsauri ko ɗaya a kan mutane da ya yi nasara ba. Ka je majema ka ga yadda bagaruwa ke kama fata: tanin ne yake ɗaure furotin, kuma haka zai ɗaure kowane enzayim da ka sa masa a kwalba, ka zaci ka sami magani.

6. Kada ka yi shelar gano AKT1 da TNF da IL6 da TP53. An fi yin bincike a kansu, shi ya sa suka fi kowa yawan layuka a rumbu. Kamar babbar tasha suke: kowace mota ka hau can za ta sauke ka, isarka ba ta nuna ka san hanya ba.

7. Kada ka ɗauka layin da ke cikin raga ya gaya maka ko sinadari kunnawa yake yi ko kashewa. Bai faɗa ba, kuma bambancin rai ne da mutuwa. Nrf2 da kake yabo, ƙwayoyin wasu sankarorin huhu da shi suke kare kansu daga magani. An kuma dakatar da babban gwajin badoksolon, mai tada Nrf2, a 2012 saboda gazawar zuciya a masu ciwon ƙoda.

8. Kada ka jera sinadarai bisa makin Vina ka naɗa zakara. Kuskuren lissafinsa yakan kai kilokalori 2 zuwa 3, saboda haka tsakanin -8.1 da -8.6 babu abin faɗa. Babban sinadari kuma yakan ci maki don girmansa kawai.

9. Kada ka yi gwajin ɗorawa na gama-gari a kan sinadarin da ke ƙulla dauri na dindindin da furotin. Moringin na zogale dangin sulforafen ne, irinsu da sistin ɗin Keap1 suke ƙullawa. Vina na yau da kullum ba ya lissafa wannan, lambar da zai ba ka ba ta da ma'ana.

10. Kada ka kwashe duk abin da GC-MS ya fitar ka kira shi sinadarin tsiro. Fitalet yawanci daga leda da roba yake, siloksen daga bututun na'urar yake zuba. Na karanta kundin da aka saƙa wa dattin roba raga, aka ce shi ne sirrin maganin. Sinadarai masu manne da sukari kuwa, na'urar ba ta ma ganinsu sai an sarrafa su.

11. Kada ka buɗe jerin ƙwayoyin gado a Excel ba tare da ka kulle ginshiƙin a matsayin rubutu ba. Yana mai da SEPT2 ya koma 2 ga Satumba. A 2016 an sami irin wannan kuskure a kusan kashi ɗaya cikin biyar na takardun da aka duba, har hukumar sanya sunayen ta sauya wasu a 2020.

12. Kada ka mai da ka'idar Lipinski shaidar cewa sinadari magani ne. An tsara ta a 1997 don tace ƙwayoyin da ake haɗiya, ba ta ce komai a kan warkarwa ko guba ba. Haka ma iyakar kashi 30 da 0.18 da ake tace sinadarai da ita a TCMSP, lissafin kwamfuta ce, ba awon jini ba.

13. Kada ka dogara da sunan kasuwa ko kamannin ganye. Tafasa da rai-ɗore 'yan gida ɗaya ne, sabon shiga yakan rikita su. 'Ya'yan rai-ɗore, wato Senna occidentalis, sun kashe yara a yammacin Uttar Pradesh ta Indiya ta hanyar lalata hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa.

14. Kada ka ɗebi tsiro a bakin babban titi, ko kusa da magudanar masana'antu, ko inda ake sarrafa ma'adinai. Gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a Zamfara a 2010. Kwamfuta ba ta ganin dalma, ba ta ganin funfunar ganyen da aka ajiye da danshi.

15. Kada ka ce abu ba ya cutarwa don daga ƙasa ya tsiro. Lalle yana fasa jajayen ƙwayoyin jinin jarirai masu ƙarancin G6PD, kuma wannan ƙaranci ya yawaita a ƙasashenmu. A 2018 hukumar kula da abinci ta Turai ta danganta shan miligiram 800 ko fiye na EGCG, sinadarin koren shayi, a kullum da alamun lahani a hanta. Abin da ke lafiya a kofi yana iya zama guba a kafso.

16. Kada ka kwafi takardar wani ka sauya sunan tsiro, kada kuma ka sayi gurbin suna a takarda. A 2023 kamfanin Hindawi ya janye takardu fiye da 8,000. Takardar da aka janye tana bin mai ita har ranar neman ƙarin girma.

17. Kada ka bar manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta maka madogara. Tana ƙirƙiro sunan marubuci da shekara da mujalla waɗanda babu su. Duk takardar da ba ka buɗe ka karanta ba, kada ta shiga kundinka.

18. Kada ka ara wa mai talla sunanka ko na jami'arka. Lambar farko da NAFDAC ke ba maganin gargajiya a kan gwajin rashin cutarwa take, ba ta shaidi warkarwa ba. Ranar da aka kwantar da wani a asibiti, sunanka ne a jikin kwalbar.

19. Kada ka gwada abin da ka tatsa a kan kanka ko iyalinka ko maƙwabta. Kada ka ce wa mai hawan jini ko suga ko sikila ko cuta mai karya garkuwar jiki ya bar maganinsa. Mai ciki da jariri kuwa, ko kusa da su kada ka je.

20. Kada ka tuge saiwa ko ka ɓare bawon maɗaci ko marke ko hano zagaye. Itacen da aka yi wa zobe mutuwa yake yi. In ganye zai wadatar, ka bar bawo.

Aikin kirki yana yiwuwa, an kuma yi shi. Tu Youyou ta bi tazargade daga tsofaffin littattafan Sin zuwa gwajin ɓeraye a 1971, zuwa tsantsar atemisinin a 1972, zuwa marasa lafiya, ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Cibiyar NIPRD a Abuja ta kai Niprisan, haɗin da ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi, har gwaji a kan masu sikila. A Jami'ar Tufts, binciken 2010 a kan mutum 65 ya nuna kofi 3 na zoɓo a kullum na mako 6 ya sauke lambar sama ta awon jini da kusan maki 7. Ba wanda a cikinsu ya tsaya a kan hoto.

Ka sa kwamfuta ta rage maka sinadarai 200 su koma 3 da suka cancanci kuɗin gwaji, wannan ne amfaninta, kuma amfani ne babba ga mai ƙaramin ƙarfi. In kuɗin gwajin bai samu ba, ba abin kunya ba ne: ka rubuta kalmar "hasashe" a kan taken kundinka, ka maimaita ta a taƙaitawa da kammalawa, ka bar hukunci ga wanda zai auna.